Yadda ake karanta tiyorin hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a har ya zauna a kai

Duk ɗalibin da yake karanta Kimiyyar Siyasa ko Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, a BUK yake ko ABU Zariya ko Ɗanfodiyo ko jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai kos ɗaya da ba makawa sai ya haɗu da shi, wato kos ɗin tiyori. Abin da yake damuna da yadda ƙannenmu suke tunkararsa kuwa shine hadda. Mutum zai karɓi handawut ya zauna yana ta bita, Morgenthau 1948, Waltz 1979, Wendt 1992, har ya iya kawo su ido rufe, sai a shiga ɗakin jarrabawa malam yace ɗauki mazhaba ɗaya kayi mana bayanin abin da yasa Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, sai kaga biro ya tsaya cak. Ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, hanyar karatun ce bata yi ba. Waɗannan mazhabobin duk amsa suke bayarwa ga tambaya guda, in baka san tambayar ba amsoshin ba zasu zauna maka ba, in kuma baka gwada su akan wani rikici da ka sani ciki da bai ba to zasu tsaya a sunayen Turawa kawai. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Fara da tambayar tukuna. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci rayukan miliyoyin mutane, wani attajiri ɗan yankin Wales mai suna David Davies ya bada kuɗi aka kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a jami'ar Aberystwyth, aka sa mata sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. Abin da ya dame su shine me yake kawo yaƙi, kuma ya za'a yi kar a sake. Tushen matsalar kuwa ga shi: a cikin ƙasa in maƙwabci ya ci maka iyakar gona akwai mai unguwa, akwai 'yan sanda, akwai alƙali, amma tsakanin ƙasashe babu wata hukuma da take sama da kowa da zaka kai mata ƙara ta tilasta a biya ka haƙƙinka. Majalisar Ɗinkin Duniya ba gwamnatin duniya bace, sojan kiyaye zaman lafiyarta ma arowa take daga ƙasashe, kuma ƙasashe 5 a Kwamitin Sulhu, Amurka da Rasha da Chaina da Birtaniya da Faransa, kowacce tana iya hawa kujerar na-ƙi ta kashe magana. Wannan zama na babu shugaba a sama shi malamai suke kira anaki a aji. Ka rubuta shi a shafin farko na littafinka, dan duk mazhabar da zaka karanta nan gaba tana gaya maka ne yadda ƙasashe suke yi a cikin wannan hali.

Mataki na biyu aikin hannu ne. Samu littafin rubutu daban, ba wanda kake ɗaukar lakca a ciki ba, ka ware wa kowace mazhaba shafi biyu, a kowanne ka rubuta tambayoyi iri ɗaya: waye babban ɗan wasa a wurin wannan mazhabar, ƙasa ce ko ƙungiyoyi ko masu jari? Me yake nema? Me rashin shugaba a sama yake sa shi yi? Duniya tana iya canzawa ko haka zata ci gaba? Sai ta ƙarshe wadda ɗalibai suke tsallakewa alhali ita ce mai maki, a ina wannan mazhabar ta gaza? Da hannunka zaka cike, da kalmominka, in da Hausa ya fi zo maka ka fara da Hausa daga baya ka mayar Turanci ko Faransanci. Abin da ka kasa faɗa da harshenka baka gane shi ba tukuna.

A ƙasan shafin ka bar wuri dan abin da Kenneth Waltz ya kawo a littafinsa na 1959, Man, the State and War, inda yace dalilin yaƙi ana nemansa a hawa uku: halin mutum ko shugaba, yanayin cikin ƙasa, sai tsarin duniya baki ɗaya. Kowace mazhaba akwai hawan da ta fi tsayawa a kai, kuma sanin wannan kaɗai yana warware rabin ruɗanin.

To yanzu sai ka shiga mazhabobin, kuma ka fara da riyalizim ko da ba shi malaminku ya fara koyarwa ba, saboda sauran duk da shi suke gardama. Ka ba shi lokaci fiye da kowanne. 'Yan riyalizim suna cewa ƙasa ce ɗan wasa, abin da take nema na farko shine ta tsira, kuma tunda babu mai ceton ta in an taso mata, dole ta dogara da ƙarfinta. Suna jawo asalinsu tun daga Thucydides, Bagirken da ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Sparta. A ciki akwai labarin tsibirin Melos a shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Atina suka zo suka ce ku miƙa wuya, mutanen Melos suka kawo maganar adalci da cewa su 'yan ba-ruwanmu ne, aka ce musu mai ƙarfi yana yin abin da ya iya, mai rauni kuma yana haƙuri da abin da ya same shi. Suka ƙi, aka kashe mazansu aka bautar da mata da yara. Karanta wannan tattaunawar da kanka, 'yan shafuka ne kuma tana nan kyauta a intanet, zata koya maka riyalizim fiye da handawut.

Inda ake yawan faɗuwa shine a haɗa 'yan riyalizim duk a tukunya ɗaya. Hans Morgenthau, wanda ya baro Turai ya koma Amurka lokacin da Hitler yake tashe, a littafinsa na 1948 ya ɗora laifin akan halin ɗan Adam, son mulki da son danne wani a jininsa yake, ƙasa kuma mutane ne suke tafiyar da ita. Waltz a 1979 yace a bar maganar hali, ko waliyyai aka ɗora akan mulki tsarin duniyar zai tilasta musu su tara makamai, dan babu wanda ya san abin da ke zuciyar maƙwabcinsa gobe. Wannan shine sabon riyalizim, kuma kaga bambancin hawa ne, Morgenthau yana na farko Waltz yana na uku. Sai kuma su kansu 'yan sabon suka rabu, Waltz yana ganin ƙasa mai hankali zata nemi ƙarfin da zai ishe ta kare kanta ta tsaya, dan in ta wuce gona da iri sauran zasu haɗe mata kai, John Mearsheimer kuma a 2001 yace babu wani isa, babbar ƙasa ba zata samu barci ba sai ta zama ita kaɗai ce mai faɗa a ji a yankinta. Akwai abu ɗaya da lallai ka riƙe anan, wanda John Herz ya yi bayaninsa a 1950: makamin da na saya dan in kare kaina kai barazana kake ganinsa, sai ka sayi naka, ni kuma in ƙara, ƙarshe mu biyun mun kashe kuɗi kuma mun fi da shiga haɗari. A watan Mayun 1998 Indiya ta gwada makamin nukiliya, kafin watan ya ƙare Pakistan ta gwada nata. Irin misalin da zaka sa a shafinka kenan.

A wajen gazawa kuma ka rubuta ƙarshen Yaƙin Cacar Baka. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disambar 1991 da dubban makaman nukiliyarta a hannu ba tare da an gwabza da Amurka ba, kuma riyalizim bai hango hakan ba.

Daga nan sai libiralizim. Su basu musa cewa babu shugaba a sama ba, cewa suke duk da haka ana iya haɗa kai kuma ana yi kullum, jirgi yana tashi daga Kano ya sauka Jidda bisa ƙa'idojin da ƙasashe suka amince da su ba tare da an harba bindiga ba. Hanya mafi sauƙi ta riƙe su ita ce ka tuna ƙafafu uku da ake jingina wa Immanuel Kant tun rubutunsa na 1795 akan dawwamammen zaman lafiya: mulkin da jama'a ke da baki a ciki, ciniki tsakanin ƙasashe, sai doka da ƙungiyoyi. Ta farkon ita Michael Doyle ya farfaɗo da ita a 1983, cewa ƙasashen dimokuraɗiyya da wuya su yaƙi junansu, ka lura junansu aka ce, ba'a ce basa yaƙi ba, ɗalibai da yawa a nan suke zamewa. Ta biyun Robert Keohane da Joseph Nye suka faɗaɗa ta a 1977, bayan takunkumin man fetur na Larabawa na 1973 ya nuna cewa ƙasa tana iya fin kowa soja amma layin mai ya durƙusar da ita. Ta ukun kuma Keohane ne a 1984, inda ya nuna cewa ƙungiyoyi suna rage zargi, suna sa kowa ya ga abin da ɗan'uwansa yake yi, kuma wanda ya karya alkawari yau ya san gobe ma za'a sake zama da shi. Faransa da Jamus da suka sha zubar da jinin juna sun haɗa harkar kwal da ƙarfe a 1951 tare da wasu ƙasashe 4, daga nan Tarayyar Turai ta samo asali.

Amma misalin da na fi so ɗalibinmu ya kawo shine Bakassi. Najeriya ta fi Kamaru soja da yawan jama'a da kuɗi nesa ba kusa ba, kuma sojanta suna cikin yankin, amma Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci a Oktoban 2002 cewa na Kamaru ne, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Ka tambayi ɗan riyalizim me yasa mai ƙarfi ya bar wa mai rauni yanki mai arziƙin mai saboda takardar kotu, zai sha wuya kafin ya amsa. Su ma 'yan libiralizim akwai inda ake kama su. Norman Angell ya rubuta a 1910 cewa ciniki ya haɗa Turai har yaƙi ya zama asara ga wanda ya ci da wanda aka ci, bayan shekara 4 aka fara Yaƙin Duniya. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Haile Selassie ya je Geneva a 1936 ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan lokacin, ba abin da ta iya tsinana masa. Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 ba da amincewar Kwamitin Sulhu ba.

Akwai wata gardama tsakanin sabon riyalizim da sabon libiralizim da malamai suke son tambaya, maganar riba. In mu biyu zamu ƙulla yarjejeniya in samu 10 ka samu 15, ɗan libiralizim zai ce in karɓa tunda na ƙaru, ɗan riyalizim zai ce in yi hattara, ratar 5 ɗin nan gobe da ita zaka sayi makamin da zaka juyo min da shi. Joseph Grieco ne ya fito da wannan fili a 1988. In ka gane wannan ka gane dalilin da yasa Amurka take hana sayar wa Chaina wasu na'urorin kwamfuta na zamani duk da kamfanoninta zasu ci riba.

Na uku kwanstiraktibizim, kuma shi ne ɗalibai suka fi tsoro saboda Turancinsa yana da nauyi, alhali maganarsa mai sauƙi ce. Alexander Wendt a maƙalarsa ta 1992 yace rashin shugaba a sama shi kaɗai baya sa gaba ko abota, ƙasashe ne suke mayar da shi abin da ya zama ta yadda suke kallon juna. Misalinsa da ya shahara shine makaman nukiliya 500 na Birtaniya basu tayar wa Amurka hankali kamar 5 na Koriya ta Arewa ba. Ƙarfen ɗaya ne, wanda yake riƙe da shi da tarihin da ke tsakani su suka bambanta. Dan haka kafin ka tambayi me ƙasa take so, fara tambayar wa take ɗaukar kanta. Najeriya bata da iyaka da Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata bata taɓa barazanar mamaye ta ba, amma ta kashe kuɗi da mutunci akan yaƙi da wariyar, kuma a Janairun 1976 Janar Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola duk da wasiƙar da shugaban Amurka Gerald Ford ya aike wa shugabannin Afirka dan kar su goyi bayanta. Najeriya ƙasa ce da take ganin kanta a matsayin babbar yaya ga baƙar fata. Sannan mazhabar tana nuna cewa abin da ake ganin ya dace yana canzawa: ƙungiyar haɗin kan Afirka, OAU, ta 1963 akan kar a tsoma baki a harkar cikin gidan kowa aka gina ta, juyin mulki kuwa a lokacin ba abin da yake hana soja zama a taron shugabanni, amma Tarayyar Afirka da ta gaje ta a 2002 tana dakatar da ƙasar da aka yi juyin mulki, kuma kundinta ya bata damar shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi. Raunin kwanstiraktibizim shine ya fi iya bayanin abin da ya riga ya faru fiye da faɗin abin da zai faru.

Sai Markisanci da 'ya'yansa. Littattafan da aka rubuta a Amurka sukan ba shi 'yan shafuka a ƙarshe, ni kuwa ina ganin ɗalibin Afirka bai kamata ya bi su a haka ba, dan nan ne namu suka fi yin magana. Su cewa suke kun tsaya kallon tutoci da sojoji kun manta da wanda yake riƙe da jari. Lenin ya rubuta a 1916 cewa mulkin mallaka jari-hujja ne da ya cika gida ya fita neman kasuwa da ɗanyen kaya. Raúl Prebisch na Ajantina da Andre Gunder Frank suka nuna yadda mai sayar da ɗanyen kaya ya sayo sarrafaffe kullum shi ne a ƙasa, Immanuel Wallerstein a 1974 ya raba duniya gida uku, cibiya da gefe da masu tsaka-tsaki. A namu ɓangaren akwai Kwame Nkrumah da littafinsa na 1965 akan sabon salon mulkin mallaka, Walter Rodney ɗan Guyana da ya koyar a Darussalam ya fitar da How Europe Underdeveloped Africa a 1972, Samir Amin ɗan Masar da yayi shekaru a Dakar, Claude Ake a Najeriya, ga kuma Dakta Yusufu Bala Usman a Zariya. Tsarin kashin dankali kenan, na sama ya danne na ƙasa, kuma talaucin gefe shi yake ciyar da arziƙin cibiya. Ka riƙe maganar Robert Cox ta 1981 cewa kowane tiyori dan wani aka yi shi kuma dan wata manufa. Amma ka zama mai adalci a shafin gazawa: Koriya ta Kudu da Singafo da Chaina sun taso ta hanyar shiga kasuwar duniya, kuma ba kowace ɓarnar shugabanninmu ce za'a ɗora wa Turawa ba.

Ragowar zaka iya bi da sauri a zagayen farko. Mazhabar Ingila, ta su Hedley Bull da littafinsa na 1977, tana cewa ƙasashe al'umma ce mai ɗabi'u, shi yasa ko ana gaba ba'a taɓa jakada. Mazhabar mata, Cynthia Enloe a 1989 da Ann Tickner a 1992, tana tambayar ina matan suke a wannan labarin, tsaron wa ake nufi in an ce tsaro, kuma tasirin irin wannan tunani ya kai har ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1325 na shekarar 2000. Masu nazarin bayan mulkin mallaka, irin su Edward Said, suna tuhumar fannin kansa da cewa tarihin Turai ya ɗauka tun daga yarjejeniyar Westphalia ta 1648 ya mai da shi tarihin duniya. Kuma suna da gaskiya a nan, dan mu ma muna da namu: wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musaya akan halaccin yaƙin da ke tsakaninsu muhawara ce ta hulɗar ƙasashe cikakkiya, hujja da hujja, kuma abin takaici ne ɗalibi ya gama digiri ya san Melos bai san wannan ba.

Yanzu mun zo matakin da ya fi kowanne. Zaɓi rikici guda ɗaya da ka sani sosai, ka bi da shi ta kowace mazhaba, shi ɗin dai kar ka canza. Bari in nuna da wanda ya shafe mu kai tsaye. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta basu mako guda su mayar da shi kan mulki, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take baiwa Nijar, ranar 10 ga Agusta aka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Amma ba'a yi yaƙin ba. A Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Janairun 2024 suka ce sun fice daga ECOWAS, a Fabrairu aka ɗage takunkumin, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Tambayarka ɗaya ce: me yasa aka yi barazana kuma ba'a aiwatar ba?

Ɗan riyalizim zai ce lissafin ƙarfi ne. A Janairun 2017 sojan ECOWAS sun shiga Gambiya Yahya Jammeh ya tafi, dan Gambiya 'yar ƙarama ce kuma Senegal ta kewaye ta. Nijar ƙasa ce mai faɗin gaske, Mali da Burkina sun ce taɓa ta taɓa su ne, sojan Najeriya kuma suna fama da Boko Haram da 'yan bindiga a gida, kuɗin yaƙin ya fi ribarsa. Kafa AES ma a wurinsa masu rauni ne suka haɗa kai dan su daidaita barazana. Ɗan libiralizim zai fara da cewa barazanar kanta daga doka ta fito, yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 akan dimokuraɗiyya, sannan ya nuna maka cikin gida, Majalisar Dattawan Najeriya bata goyi bayan amfani da soja ba, kasuwanni irin su Jibiya da Illela da Maigatari sun tsaya, takunkumin yana cizon ɓangare biyu. Ɗan kwanstiraktibizim zai ce ku duka kun bar babban abu, jihohin Najeriya 7 ne suke iyaka da Nijar, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya, Katsina da Maraɗi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, mutanen arewa basu iya kallon Nijar a matsayin abokiyar gaba ba, shi yasa Sarki Sanusi da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka samu ganin Tiani a lokacin da ƙofa take rufe ga wasu manyan jakadu. Ɗan Markisanci zai kai ka garin Arlit na Nijar inda ake haƙar yuraniyom tun farkon shekarun 1970, ya nuna maka kuɗin sefa da aka ɗaure da yuro akan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, yace fushin da aka yi da Faransa har sojanta suka fice a Disambar 2023 daga nan ya taso. 'Yar mazhabar mata kuma zata tambaye ka wa ya ɗauki nauyin rufe iyakar, su waye masu ƙaramin ciniki da abincin gidansu ya dogara da tsallakawa.

Kaga yanzu rikici ɗaya ya baka amsa biyar, kuma aikinka bai ƙare ba sai ka yanke hukunci. Ni a ganina akan tambayar me ya hana yaƙi, riyalizim da kwanstiraktibizim ne suka fi ƙarfi, akan me yasa jama'a suka fito murna a Yamai kuma Markisanci ya fi bayani. Kana iya saɓa min, muddin ka kawo hujja. Abin da ba'a so shine ka jera su biyar kace duk suna da gaskiya ka tashi.

Maganar abin karantawa, kar ka fara da littafin Waltz na 1979, zai karya maka gwiwa. Fara da gajeriyar maƙalar Stephen Walt ta 1998 a mujallar Foreign Policy wadda ta kwatanta manyan mazhabobin a 'yan shafuka, sannan shafin E-International Relations yana da littafin gabatarwa akan tiyori da ake saukewa kyauta a waya, babi-babi gajeru. In laburarenku akwai The Globalization of World Politics na su Baylis da Smith, ɗauki babin mazhabar da kuke kai a satin. Bayan nan ne zaka taɓa asalin rubutun, ko da gabatarwa da babin ƙarshe ne, kana karantawa kana neman abu uku: da wa marubucin yake faɗa, me yace, wace hujja ya kawo. Ka duba shekarar da yayi rubutun kuma, dan kowannensu ɗan zamaninsa ne, Morgenthau daga yaƙin Hitler ya fito, Wendt kuma yana rubutu Sobiyet tana rushewa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar duk sati, kowa ya ɗauki mazhaba ɗaya ya kare ta akan labarin da aka ji a BBC Hausa ko RFI da safe, sati mai zuwa a yi musanya, wanda ya tsani riyalizim shi za'a ba riyalizim.

A jarrabawa, in an ce ka tattauna wata mazhaba, sakin layi na farko ka faɗi matsayarka kai tsaye, sai ginshiƙan mazhabar da sunan wanda ya faɗa, sai misali guda da ka tono shi sosai maimakon guda biyar da ka taɓa sama-sama, sai sukar da wata mazhabar tayi mata, sai ka koma kan matsayarka. In an ce kwatanta biyu, kar ka rubuta ɗaya ka gama sannan ka rubuta ɗayar, tambayoyin nan na littafinka su zaka bi, a kowacce ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Nemi tsoffin takardun tambayoyi na shekarun baya ka amsa da agogo a gabanka.

In lokacin firojet ya zo, babin tiyori kar ya zama ado. Da yawa sukan sa mazhaba a babi na biyu saboda sufabaiza yace a sa, sai a babi na huɗu ka neme ta ka rasa. Fara da tambayar bincikenka, ita zata nuna maka mazhabar: in akan tseren makamai ne ko ƙawancen soja, riyalizim, in akan ECOWAS ko yarjejeniyar ciniki ta AfCFTA ne, libiralizim, in akan bashi da IMF ko yuraniyom ko fetur ne, Markisanci, in akan yadda Najeriya take kallon kanta a Afirka ne, kwanstiraktibizim. Ka rubuta a fili abin da mazhabar take hasashen za'a gani in tana da gaskiya, ka je ka duba ko an gan shi, in ba'a gani ba ka faɗa a babi na biyar ka kawo wadda ta cike giɓin.